Karatu A Gaban Waya: Tsokaci Kan Bidiyoyin Yaron Nan Mai Galahanga



Abin da ya jawo wannan rubutu tambaya ce da wani bawan Allah ya yi mana bayan sallar La'asar, mako uku da suka wuce. Ya jira har jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce, "Allah ya gafarta Malam, shawara nake nema. Uwar yaran ce ta kafe sai mun cire ƙaramin daga makaranta ta riƙa koya masa a gida, kamar yadda matar nan ta cikin waya take yi wa nata. Har ta ce ita ma za ta buɗe shafi, ko Allah zai sa a samu na magani." Ɗansa shekararsa shida, maganarsa ba ta wuce kalma goma ba, kuma likita ya ce galahanga ce. Muka ce masa, "Malam, ba ma yanke magana kan abin da ba mu gani ba. Ka ba mu kwana bakwai."

Mu dai ba ma'abota TikTok ba ne, wayarmu ta kira ce da ganin alat ɗin ciniki. Sai muka ari ta 'yarmu, muka sa ta nemo mana shafin. Dare bakwai bayan mun rufe rumfa muna kallo, daga bidiyon farko har na ƙarshe, bi da bi, ba tsallake. Sun kai hamsin. Abin da muka gani ya fi ƙarfin amsar mutum ɗaya, shi ya sa muka kawo shi nan, don mun samu labari matan unguwa da yawa suna bin shafin, suna tura wa juna.

Ba za mu kama sunan gidan ko na shafin ba. Wanda ya sani ya sani. Wanda bai sani ba kuwa, ba ma so ya zama ta dalilinmu aka ƙara wa yaron nan ido ko guda.

Gida ne na masu rufin asiri a ɗaya daga cikin manyan biranen Arewa: miji da mata da yara huɗu. Da fari shafin na girke-girke ne da kwalliyar sallah da zuwa biki. Sai wata rana uwar ta zauna gaban waya tana hawaye, ta ce ɗanta na uku yana da galahanga, an dake shi a makaranta, ta cire shi, daga yau ita ce malamarsa. Tun daga ranar shafin ya koma na yaron. Aka ware lungu a falo, aka sa farin allo da 'yar kujera da katunan hotuna, aka kira wurin "makarantar gida".

Abin da ya cancanci yabo

Mu fara da alheri, don wanda ya ƙi faɗin alherin mutum ba a sauraron sukarsa.

Baiwar Allahn nan ta yi abin da yawancinmu muka kasa: ta fito da ɗanta fili ba tare da kunya ba. Kowa a unguwar nan ya san yadda ake yi da irin waɗannan yara. In baƙi sun zo a tura shi ɗakin baya a ja ƙofa. Wani a ɗaure masa ƙafa a jikin gado. A yi ta yawo da shi daga mai ruƙiyya zuwa mai hayaƙi, wannan ya ce shafar aljanu ce, wancan ya ce ɗan ruwa ne, a ƙarshe a ɗora wa kishiya ko uwar miji laifin sammu, zumunci ya lalace, yaro kuma yana nan yadda yake. Ita kuwa ta kira abin da sunansa, ta ce ɗana ne, Allah ya ba ni. Wannan ba ƙaramin jihadi ba ne.

Akwai bidiyo guda da muka kalla har sau uku. Ta manna hotunan alwala a bango kusa da famfo, ɗaya bayan ɗaya: hannu, baki, hanci, fuska, har ƙafa. Yaron yana ɗora yatsa kan hoto, ya yi abin da hoton ya nuna, ya matsa gaba. Ba kiɗa, ba surutu, fuskarsa ma ba a nuna sosai ba. Mu da muka shekara ashirin muna karantar da Ahalari da Ishmawi, wallahi mun ƙaru. Da duk shafin haka yake, da wannan rubutu na godiya ne kawai.

Ga wanda bai san lalurar ba, a taƙaice: galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma, kuma alamunta kan bayyana tun yana ƙarami. Wani ba ya magana, wani yana maimaita abin da aka faɗa masa, wani kuma bakinsa garau amma zama da mutane ke ba shi wuya. Da yawansu ba sa son haɗa ido, ƙara da haske mai ƙarfi suna damunsu ƙwarai, kuma suna son komai ya tafi yadda suka saba. Wasu suna haɗawa da farfaɗiya. An fi samunta ga maza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya yi bayaninta a rubuce a 1943, kuma a 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Afrilu na kowace shekara don tunawa da masu ita. Ba laifin uwa ba ne. Ba allurar rigakafi ke kawo ta ba. Rahoton da ya yaɗa wannan zance a Ingila a 1998, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010. Babu maganin sha da ke warkar da ita, amma horo da haƙuri tun da wuri suna canza rayuwar yaro sosai.

To, yanzu ga inda muka ga gyara. Gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba.

Na farko: wa ake koya wa?

Amfanin kallon bidiyoyin a jere shi ne mutum ya ga abin da mai kallon guda ɗaya ba zai gani ba. Kafin azumi an nuna yaron yana kan harafin jim. Bayan babbar sallah aka sake nuna shi, sabuwar riga, sabon allo, an rubuta a sama wai "yau ya koyi sabon harafi". Muka duba, jim ɗin nan ce dai. Jinkirin ba laifi ba ne. Yaro irin wannan ya yi wata huɗu kan harafi ɗaya ba abin kunya ba ne, kuma uwar da ta jure wata huɗun tana da lada. Laifin shi ne a sayar wa mutane tsohon harafi da sunan sabo. Mu 'yan kasuwa mun san mai jera manyan tumatir a saman kwando. Matar da ke Gamboru tana kallo, ta waiwaya ta dubi nata ɗan da ya kasa, ta ce lallai ni ce ban iya ba, ko makarantar ce ba ta iya ba. A kan wannan awon na algus za ta yanke shawarar cire ɗanta.

Sannan ku lura da darasin kansa. Bidiyon bai kai minti ɗaya ba, amma inuwar taga da ke bango takan yi tsalle sau biyu ko uku, alamar an yanka an haɗa, an sa shi ya maimaita har sai an samu wanda ya yi kyau. Kalmar da ta fi yawa a bakin uwar ba "karanta" ba ce, "kalli nan" ce. Kalli nan, kalli waya, yi wa masoyanka murmushi. Yaron da haɗa ido da mahaifiyarsa ma aiki ne a wurinsa, an kafa masa fitilar nan mai zagaye a fuska. Sau da yawa mun ga ya toshe kunne ya kau da kai, ita kuma ta juyo da haɓarsa. Da hannunsa ya ce a'a, ba a karɓa ba.

Duk wanda ya taɓa riƙe aji ya san malami ido biyu gare shi, kuma duka biyun na ɗalibi ne. In ɗaya yana kan allo ɗaya yana kan waya, to an raba hakkin yaro biyu an ba baƙi rabi.

Kuma wa ke riƙe da wayar? Muryar da muke ji a baya ta yayarsa ce, yarinyar da ba za ta wuce shekara goma sha biyu ba. A wani bidiyon uwar da bakinta ta ce yau Talata, hasken rana kuma na hantsi ne. Ita wannan yarinya, yaushe take zuwa tata makarantar?

Na biyu: tsiraici

Bidiyon da ya fi kowanne yawan masu kallo a shafin ba na alwala ba ne. Na ranar da abin ya motsa wa yaron ne. Yana birgima a ƙasa, yana ihu, yana buga kai da tayil, riga ta tattare har wuya, wandonsa a jiƙe. An ɗora wani kiɗa mai ban tausayi a kai. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne hoton bai girgiza ba ko kaɗan. Wato akwai wanda ya tsaya cak, ya riƙe waya da hannu biyu, ya daidaita ta, har aka gama.

Masu sanin lalurar sun ce wannan ba rigimar shagwaɓa ba ce. Ƙara ko haske ko canjin abin da ya saba ne ke cika masa kai har ya kasa riƙe kansa. Abin da yake buƙata a lokacin shi ne a rage hayaniya, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa matashi ƙarƙashin kansa, a bar shi ya huce. Shi ne lokacin da ya fi kowane lokaci rauni.

Ɗalibanmu za su tuna hadisin nan da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda Abdullahi ɗan Abbas ya ba Aɗa'u ɗan Abi Rabah labari. Wata mata mai farfaɗiya ta zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta nemi addu'a. Ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da Aljanna, ko addu'ar samun lafiya. Ta zaɓi haƙuri. Amma ta roƙi abu guda: a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa in ta faɗi. Ya yi mata. Ku duba fa, jama'a. Ta yarda ta zauna da ciwon har mutuwa, amma ba ta yarda a gan ta a buɗe ba. Ita tana da bakin roƙo. Yaron nan ba shi da shi. Waɗanda Allah ya ɗora wa su roƙa masa sutura su ne iyayensa.

An ce magana zarar bunu ce. To bidiyo ya fi. Ko ta goge shi yau, yana cikin wayoyin mutanen da ba ta san adadinsu ba, har da na nan unguwar. Yaron nan zai girma in Allah ya so. Da yawa daga masu galahanga suna girma su iya karatu, su riƙe waya, su fahimci abin da ake faɗa a kansu. Ranar da ya kai shekara goma sha biyar wani yaron layi ya nuna masa kansa da jiƙaƙƙen wando, me za a ce masa? Ranar da aka zo neman auren yayyensa, dangin miji suka tono, me za a ce musu?

Za a ce ai wayar da kai take yi, in ba a gani ba ba za a yarda ba. Mun ji. Amma tana iya zama da fuskarta ta ba da labarin da bakinta, ta ce ga abin da ke faruwa, ga yadda nake yi. Ita babba ce, ta zaɓa. Iyaye mata za su fahimta, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wayar da kan da sai an tuɓe yaro kafin a yi shi, a sake masa suna.

Akwai kuma tsaro. An nuna ƙofar gidan, an nuna layin, an faɗi lokacin da uban ke fita. Irin waɗannan yara sukan sulale su fice ba a sani ba, kuma wanda ba ya magana ba zai iya faɗin abin da aka yi masa ba. Ba kowane mai kallo ne mai tausayi ba. A 2019 kamfanin YouTube da kansa ya rufe damar yin rubutu a ƙarƙashin bidiyoyin ƙananan yara masu ɗimbin yawa, bayan an gano miyagun mutane suna taruwa a wurin. Mu mutanen Maiduguri ba sai an koya mana cewa ba kowa ake nuna wa ƙofar gida ba.

Na uku: kuɗin na waye?

Daga wajen bidiyo na ashirin lambar asusu ta fara bayyana. Daga baya talla ta shigo: atamfa, turaren wuta, sai kuma wani haɗin gargajiya a kwalba wai "maganin buɗe bakin yaro", an ba yaron ya riƙe yana kallon gefe. Wannan na ƙarshen shi ya fi ɓata mana rai. Mun riga mun faɗa, babu abin sha da ke warkar da galahanga. Amma uwar da ta shekara shida ba ta ji ɗanta ya ce "Mama" ba za ta sayar da akuyarta ta saya, don ta ga fuskar yaron da ta yarda da shi a jikin kwalbar.

Ba mu ce neman halal laifi ba ne, mu ma kasuwa muke ci. Kula da irin wannan yaro akwai tsada, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambayar ita ce: mene ne hajar? In ka cire yaron daga shafin, mutum nawa za su tsaya kallon girki? To in shi ne ke jawo kasuwa, shi ne mai aikin. A fiƙihun da muka karanta, yaro yana mallaka tun yana cikin tsumma. Uba waliyyi ne a kan dukiyar ɗansa, yana juya ta don maslahar ɗan, ba don son ransa ba. Wanda kuma ya balaga bai iya riƙe dukiya ba, ana ci gaba da tsare masa ita, a ciyar da shi a tufatar da shi daga ciki. Masu kafa hujja da cewa ɗa da dukiyarsa na uba ne, su koma su ga yadda malamai suka ɗaure wannan da buƙata, ba su sake shi sakaka ba.

Turawa ma da suka ƙirƙiro abin sun fara farga. A watan Oktoba na 2020 Faransa ta yi doka kan yaran da ba su kai shekara 16 ba da ake samun kuɗi da bidiyonsu: a ajiye musu kaso har su girma, kuma yaro yana da ikon ya ce a goge bidiyonsa ko iyayensa ba su so ba. A jihar Ilinoi ta Amurka, daga 1 ga Yuli 2024, yaron da ya fito a kashi 30 cikin 100 na bidiyon da iyayensa ke samun kuɗi da shi dole a ware masa rabonsa a asusun amana. Abin da suka gano jiya yana cikin littattafanmu fiye da shekara dubu. Saura aiki da shi.

Muna ganin masu ɗaukar yaro mai lalura su tsaya da shi a rana a bakin titi suna miƙa hannu, duk muna cewa Allah wadai. To mu yi wa kanmu adalci, mu tambaya ina bambancin yake in titin ya koma cikin waya.

Na huɗu: ƙofar da aka rufe

Karatu a gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yawancinmu a zaure muka fara. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata a cikin gidajensu. Amma zaure ƙofarsa a buɗe take. Akwai sauran yara, akwai mai wucewa, akwai maƙwabcin da zai ce, "Malam, dukan nan ya yi yawa." A cikin bidiyo hamsin ɗin nan ba mu ga yaron yana wasa da wani yaro da ba ɗan gidansu ba ko sau ɗaya. Ba mu ga malami daga waje ba, ba mu ji an ce an koma wurin likita ba. Alhali babban abin da galahanga ke taɓawa shi ne zama da mutane. Yaya za a koyi zama da mutane a inda babu mutane?

Za a ce ai dubban mutane na ganinsa kullum. Suna ganin abin da aka zaɓa aka nuna musu ne. A Amurka an yi wata mata, Ruby Franke, mai 'ya'ya shida, shafinta na YouTube ya tara mabiya fiye da miliyan 2 tana koya wa duniya tarbiyya. A watan Agusta na 2023 ɗanta mai shekara 12 ya tsere ta taga, a rame, da raunuka, ya buga ƙofar wani maƙwabci yana neman abinci da ruwa. Maƙwabcin ne ya kira 'yan sanda. A Fabrairun 2024 aka ɗaure ta. Wata kuma, Myka Stauffer, ta ɗauko yaro daga ƙasar Sin a 2017 ta riƙe, ta yi ta bidiyo da shi ana biyanta kuɗin talla, aka gano yana da galahanga, a watan Mayu na 2020 ta fito ta ce sun miƙa shi ga wani gida. Allah ya kiyaye, ba mu kwatanta baiwar Allahn nan da waɗannan ba, ba mu ga alamar mugunta a tare da ita ba. Darasin dai shi ne maƙwabci guda mai ƙofa ya fi mabiya miliyan biyu amfani ga yaro.

Ga kishiyar wannan. Yaro na farko a rahoton Likita Kanner sunansa Donald Triplett, ɗan wani ƙaramin gari a jihar Misisipi. An taɓa kai shi gidan ajiye yara, iyayensa suka je suka ɗauko shi. Ya yi makaranta da yaran garin, ya yi kwaleji, ya yi aikin banki shekaru masu yawa, mutanen garin suna kula da shi kamar nasu, har ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Abin da muke cewa ɗa na kowa ne, su suka aikata.

Mu a garin nan mun san abin da zaman gida ke yi wa yaro. A watan Maris na 2014 an rufe makarantun gwamnati saboda tashin hankali, wasu suka koma masaukin 'yan gudun hijira na tsawon lokaci. A 2020 korona ta sake rufe su. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci unguwanninmu da kasuwarmu, yara suka sake zama. Kowane uba ya ga yadda karatun ɗansa ya zube. In lafiyayye ya zube haka, ina ga wanda ya fi kowa buƙatar tsari?

Namu laifin

Kada mu gama mu bar laifi duka a kan uwa. Me ya sa ta cire shi? An dake shi. Kuma mun yarda da ita, don mun san kanmu. Shekaru da suka wuce an kawo mana wani yaro Islamiyya, ba ya zama, yana kaɗa hannu, in yara suka ɗaga murya da hadda sai ya toshe kunne ya yi waje. Muka ɗauka taurin kai ne. Bulala ta yi aiki, ba ta yi magani ba. A ƙarshe muka ce wa ubansa ya riƙe abinsa a gida. Yau mun san ko mene ne ke damunsa, kuma muna neman gafarar Allah. Suratu Abasa muna karantar da ita kowace shekara, mun san a kan wa ta sauka, makaho Abdullahi ɗan Ummi Maktum da ya zo neman ilimi. Mun haddace ta, amma ranar da namu ya zo ba mu gane shi ba.

Doka ma tana gefen yaran nan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su hakkin ilimi ba tare da wariya ba. A nan Borno Gwamna Zulum ya sa hannu kan dokar kare yara a Janairun 2022. Amma takarda ba ta shiga aji. Malami guda da yara sun fi ɗari a gabansa, ko yana so ba zai iya ba. Muddin makarantunmu na boko da na Islamiyya suna korar irin waɗannan yara, iyaye za su ci gaba da neman malami a cikin waya.

Amsar da muka bayar

Da kwana bakwai suka cika, ga abin da muka faɗa wa ɗan'uwanmu, kuma shi muke faɗa wa kowa.

Kada a cire shi gaba ɗaya. A je a zauna da shugaban makaranta da malamin ajin, a yi musu bayani, a nemi ya riƙa zuwa ko na awa biyu ne, a zaunar da shi gefen da ba hayaniya, kuma a yi alkawari ba duka. Sauran a cika a gida, da hotuna da tsari iri ɗaya kullum, kamar yadda matar nan ta yi da alwala. Wannan a koya daga gare ta, Allah ya saka mata. A ci gaba da zuwa asibiti. Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke hanyar Baga, zuwa can ba hauka ba ne. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a ba sa hana ganin likita. A gaya wa maƙwabta halin da yake ciki, don in ya sulale a san inda za a mayar da shi, musamman mu da ke kusa da kogin Ngadda. In ana son ɗaukar bidiyo, a ɗauka a nuna wa likita, a ajiye a gida. Shafi kuwa, in Hajiya tana so ta buɗe, ta buɗe da fuskarta da iliminta, ta bar yaron a bayan labule.

Ga masu shafin, in wannan ya isa gare ku: ku sauke bidiyon ranar nan, ku daina tallar kwalbar nan, ku buɗe wa yaron asusu da sunansa, ku mayar da yayarsa aji, shi kuma ku nema masa abokin wasa. In ya toshe kunne, a kashe waya.

Mu masu kallo, mu daina turawa. Duk wanda ya danna ya tura, ya sa hannu a cinikin.

A ɓangarenmu, mun yi magana da malaman Islamiyyarmu. Daga wannan zangon, safiyar Asabar da Lahadi kafin sauran yara su zo, za a ware awa guda don yara masu irin wannan lalura, kowane yaro da wani babba daga gidansu, ba bulala, ba ɗaukar hoto. Ba mu ƙware ba, za mu koya tare. Ɗan'uwan nan namu ya ce zai kawo nasa. Wanda ke da irinsa a ɗakin baya, ya same mu a masallaci bayan La'asar, ko ya aiko, magana za ta tsaya tsakaninmu.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba iyayen waɗannan yara haƙuri da lada, ya suturta mu kamar yadda muka suturta na ƙasa da mu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren namu ne. Wassalamu alaikum.